Balas a Excel da Google Sheets: wace hanya ce ta fi riƙe lissafi?

Duk wanda ya kwashe littafin bashin shagonsa ko na ƙungiyar adashe ya mayar cikin Excel, buƙatu biyu ne suke fara taso masa. Yana son a ƙarshen kowane layi ya ga balas, wato abin da ya rage bayan an haɗa bashin da aka ɗauka an cire abin da aka biya. Sannan yana son abin da aka rubuta jiya ya zauna yadda yake, kada canjin farashin yau ya taɓa shi. Da yawa suna neman fomula guda da za ta biya musu buƙatun nan biyu, kuma daga nan ruɗani yake farawa. Fomula ba ta riƙe abin da ya wuce. Duk sanda aka taɓa shafin, sabon lissafi take yi da abin da ta tarar a gabanta. Don haka zaɓin ya rabu gida biyu: yadda za a tara jimilla, da yadda za a daskarar da abin da bai kamata ya motsa ba.

Bari mu ɗauki shafi guda mu yi ta aiki da shi har ƙarshe. Ginshiƙin A kwanan wata, B sunan mai saye, C kuɗin kayan da ya ɗauka bashi, D abin da ya biya, E balas. Layi na 1 na kanu ne, lissafi yana farawa daga layi na 2.

Hanyar da hannu ya fi saurin kaiwa gare ta ita ce ta sarƙa, domin haka ake yi a littafin takarda: ka ɗauki balas na sama, ka ƙara sabon bashi, ka cire biya. A akwatin E2 sai a rubuta =C2-D2, a E3 kuma:

=E2+C3-D3

sai a ja ta ƙasa. Tana da sauƙin ganewa, ko yaron shago da bai taɓa zama ajin kwamfuta ba zai karanta ta ya gane. Kuma ba ta da nauyi ko kaɗan, kowane layi akwati uku kawai yake dubawa. Idan ka ja ta zuwa layukan da ba a cika ba tukuna, za ka ga balas na ƙarshe yana ta maimaituwa har ƙasa, shi ya sa ake lulluɓe ta da sharaɗi:

=IF(A3="","",E2+C3-D3)

Ma'ana, in babu kwanan wata a layin, a bar akwatin fanko.

Sai dai wannan fankon ba fanko ba ne na gaskiya. Rubutu ne marar harafi, kuma Excel ba ya haɗa rubutu da lamba ta alamar tarawa. Ranar da aka tsallake layi guda, ko aka manta ba a sa kwanan wata ba, layin da ke ƙasa zai nuna #VALUE!, duk na ƙasansa su bi shi. Akwai gyaran da ake yawan ba mutane, a ce su rubuta N(E2) a madadin E2, ko su sa komai cikin SUM. Kuskuren zai ɓace daga ido kam, amma ka duba abin da ya faru: an ɗauki balas na sama a matsayin sifili, lissafi ya sake farawa daga tsakiya, duk bashin da ke sama ya bi ruwa ba tare da wata alama ba. A ganina gara kuskuren da ke ihu a fuskar shafi da gyaran da ke cinye kuɗi shiru.

Ba nan raunin sarƙa ya tsaya ba. Ka goge layi guda ɗungurungum, na ƙasa ya rasa wanda yake dogara da shi, sai #REF! ya sauka har ƙarshen shafi. Wannan ma da sauƙi tunda ana ganinsa. Wanda ya fi haɗari shi ne cusa sabon layi a tsakiya. A ce ka tuna da wani biya na ranar Laraba, ka buɗe layi tsakanin na 5 da na 6 ka rubuta. Tsohon layi na 6, wanda yanzu ya koma na 7, har yanzu E5 yake kallo. Ya tsallake sabon layin kamar babu shi. Sai ka sake jan fomular daga sama kafin lissafi ya daidaita, kuma a cikin hada-hadar shago wannan ne abin da ake mantawa. In kuma ka jera layukan bisa suna ko kwanan wata har da ginshiƙin E, fomular layin farko, wadda ta bambanta da sauran, za ta koma wani wuri ta yanke lissafin a can.

Hanya ta biyu ba ta dogara da balas na sama. Kowane layi yana komawa tun daga farko ya tara da kansa:

=IF(A2="","",SUM(C$1:C2)-SUM(D$1:D2))

Alamar dala da ke gaban 1 ita ce ke kafe bakin sama, bakin ƙasa kuma yana sauka tare da layin. A layi na 40 fomular za ta zama C$1:C40. Ka lura na kafe ta a layin kanu, ba a layi na 2 ba. SUM ba ya kula da rubutu, don haka kalmar da ke kan ginshiƙin ba za ta dame shi ba, kuma ko ka goge layin farko na lissafin ko ka cusa wani a samansa, fomular ba za ta karye ba. Ka tsallake layi, ka goge, ka cusa, ka sake jeri, balas yana nan daidai. Tsohon bashin da aka ɗauko daga littafin takarda sai a shigar da shi a matsayin layin farko a ginshiƙin C, ba sai an yi masa wata fomula ta daban ba.

Abu biyu ake biya a madadin wannan kwanciyar hankali. Na farko nauyi. Layi na 10,000 sai ya duba akwati dubu goma, na samansa ya duba dubu goma ba ɗaya, haka har sama. In ka tara, ginshiƙi guda ya haura akwati miliyan 50, biyun kuma sun kai miliyan 100, alhali sarƙa da akwati 30,000 ta gama aikin. Shafin da bai wuce layi dubu biyu ko uku ba, ba za ka ji komai ba. Wanda ya kai dubun-dubata, musamman a waya ko tsohuwar kwamfuta, zai fara jan ƙafa duk sanda ka gyara lamba a sama.

Na biyu shi ne wancan halin na SUM na ƙyale rubutu, wanda ya yi mana rana a layin kanu, zai iya cutar da mu a cikin lissafi. Idan yaro ya rubuta N5000 ko 5k, ko ya buga harafin O a wurin sifili, SUM zai tsallake akwatin bai ce komai ba. Sarƙa da ta yi kuka nan take. Maganin ba wuya. A zaɓi ginshiƙan C da D a sa musu Data Validation su karɓi lamba kaɗai, sannan a wani akwati a gefe a ajiye mai gadi:

=COUNTA(C2:D5000)-COUNT(C2:D5000)

Muddin ya nuna sifili, duk abin da aka shigar lamba ce. Da ya nuna 1, akwai akwatin da za a nemo. Yawanci za ka gan shi a manne a gefen hagu, domin lamba dama take jingina, rubutu hagu.

Ga masu mayar da shafinsu Table da Ctrl+T, abin da nake ba da shawara a yi domin fomula ta riƙa sauka da kanta a kowane sabon layi, akwai wani tarko da aka daɗe da sani. In ka ƙara layi a ƙarshe, Excel kan miƙa bakin fomular layin da ke samansa ta haɗe da sabon, sai balas biyu na ƙarshe su zama ɗaya. Ana kauce masa da rubuta fomular da sunan ginshiƙi, kamar =SUM(INDEX([Bashi],1):[@Bashi])-SUM(INDEX([Biya],1):[@Biya]).

Duk wannan balas na shago ne gaba ɗaya. Amma abin da mai littafin bashi ya fi bukata shi ne na kowane mutum shi kaɗai, kuma a nan SUMIFS ta fi kowace hanya. Ta shigo Excel tun na 2007, don haka kusan duk kwamfutar da za ka samu a ofis ko shagon buga takardu tana da ita, haka Google Sheets da LibreOffice.

=SUMIFS(C$1:C2,B$1:B2,B2)-SUMIFS(D$1:D2,B$1:B2,B2)

Tana cewa ne, daga sama zuwa wannan layi, a tara na mai wannan suna kawai. Sunaye suna iya cakuɗewa yadda ciniki ya zo, Hajiya ta ɗauki kaya da safe, Malam ya biya da azahar, Hajiya ta dawo da yamma, kowa balas ɗinsa yana bin sa. In da sarƙa za ka yi wannan, sai ka jera layukan kowane mutum wuri guda ka sa IF ta duba ko sunan sama ya yi daidai da na ƙasa, kuma da jerin ya wargaje lissafin ya wargaje.

Inda SUMIFS take faɗuwa shi ne suna. Ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma ta damu da komai bayan wannan. Ɗanladi da Danladi mutum biyu ne a wurinta. Haka Abubakar da Habu, haka suna da aka bar masa tazara guda a ƙarshe wadda ido ba ya gani. Mu da muke rubutu yau da ƙugiya gobe babu, gwargwadon wayar da ke hannu, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Ka yi shafi na daban na sunaye, ka sa ginshiƙin B ya zama na zaɓi daga jeri, kada kowa ya buga suna da hannu. In masu suna ɗaya sun yi yawa, ka ba kowa lamba.

Ita SUMIFS tana da fuska ta biyu, wadda ke bin kwanan wata a madadin matsayin layi:

=SUMIFS(C:C,B:B,B2,A:A,"<="&A2)-SUMIFS(D:D,B:B,B2,A:A,"<="&A2)

Wannan ba ruwanta da inda layi yake. Ka tuna da biyan makon jiya yau, ka rubuta shi a can ƙasa da kwanan watansa na gaskiya, duk balas na kwanakin da suka biyo baya zai gyaru. Illarta ita ce duk cinikin mutum na rana guda balas ɗaya zai nuna, na ƙarshen ranar. Ga ma'ajin ƙungiya da ke shigar da rasidai a makare, wannan ta fi. Ga mai shago da ke son ganin lissafi bayan kowace ma'amala, ta farkon ta fi. Kuma tana bukatar kwanan wata na gaskiya, ba rubutu ba. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, kai kuwa 3 ga Afrilu kake nufi.

Mai son jimillar ta koma sifili a farkon kowane wata, sharaɗi guda zai ƙara: A:A,">="&EOMONTH(A2,-1)+1. Ya fi IF mai kwatanta watan layin sama da na ƙasa aminci, saboda dalilan da muka riga muka gani.

Akwai sabuwar hanya, SCAN, wadda fomula guda a E2 take zubo balas har ƙasa:

=SCAN(0,C2:C1000-D2:D1000,LAMBDA(a,b,a+b))

Tana da saurin sarƙa ba tare da rauninta ba, tunda babu fomula a kowane layi da za a karya. Tana cikin Microsoft 365, Google Sheets kuma ya samu ta a 2022, sai dai a can za ka lulluɓe ta da ARRAYFORMULA saboda ragin da ke ciki. Babu ita a Excel 2016, 2019 ko 2021. Ka tura fayil ɗin ga mai tsohon Excel, da zarar ya sake lissafi #NAME? zai gani. Ba ta aiki a cikin Table, kuma ko akwati guda ya tare mata hanya a ƙasa sai ta nuna #SPILL!. Inda take da daraja sosai shi ne lissafin da dole sai ya san sakamakon layin sama, misali in ana son jimilla kada ta sauka ƙasa da sifili, sai a rubuta MAX(0,a+b), ko a sa IF ta sake farawa da zarar an kai wani adadi. SUMIFS ba ta iya wannan. A irin wannan yanayi SCAN ko sarƙa ake nema.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi jan mutane cikin rami, wato akwatin da ake son ya riƙe abin da ya gani. Buƙatar takan zo da wannan siga: ina son akwati guda da zan riƙa buga kuɗin da ya shigo, wani akwatin a gefe ya riƙa tarawa, ba sai na yi ta buɗe layuka ba. Ana iya yi. A ce G1 ne inda ake buga kuɗin, a akwatin H1 sai a rubuta =H1+G1, wato akwatin yana kiran kansa. Excel zai ƙi, ya yi gargaɗin lissafi mai zagaye. Sai a shiga File, Options, Formulas, a kunna Enable iterative calculation. A Google Sheets yana ƙarƙashin File, Settings, Calculation.

Ga abin da zai biyo baya. Saitin Excel na asali zagaye 100 ne, don haka ka buga 500 ka ga 50,000. Ka mayar da zagayen 1, sai ya nuna 500, ka ce an gama. Ka danna F9, ko ka yi wani abin da zai sa shafin ya sake lissafi, ya koma 1,000, alhali ko sisi bai shigo ba. Masu dabara sukan ƙara akwati na uku da zai riƙe lambar ƙarshe da aka buga, IF ta ce kada a ƙara sai lambar ta canza. To, mutum biyu suka kawo 5,000 a jere fa? Na biyun ba zai shiga ba, domin a wurin fomular babu abin da ya canza.

Ko an shawo kan duk wannan, akwai abin da ba ya hannunka. A Excel saitin zagayen ba na fayil ɗinka kaɗai ba ne, manhajar tana ɗaukarsa ne daga fayil ɗin da aka fara buɗewa. In an riga an buɗe wani fayil marar saitin, naka zai tashi da gargaɗi. In naka aka fara buɗewa, ya kashe wa sauran fayilolin gargaɗin lissafi mai zagaye, wanda shi ne ke kama kuskuren gaske.

Amma babban dalilin da ya sa nake hana mutane wannan hanya ba na fasaha ba ne. Ka ɗauka mai saye ya tsaya gaban kanta ya ce, "Alhaji, ni fa na kawo dubu ashirin ranar Laraba, yaronka na ba." Ka buɗe kwamfuta. Abin da ke gabanka lamba guda ce, 143,500. Ba ta san Laraba ba, ba ta san wa ya kawo ba, ba ta san ko an buga 2,000 a wurin 20,000 ba. Kamar allo ne da ake wankewa bayan kowane rubutu. Da layuka ne, sai ka juya masa fuskar kwamfutar ka ce, "Malam, ga ta nan, an shigar," ko kuma, "Duba da kanka, babu biya a ranar," a kira yaron a warware. Bashi amana ce tsakanin mutane biyu, kuma lissafin da ba za a iya bin sawunsa ba yana iya ɓata huldar shekaru a kan kuskuren yatsa guda.

Ɗan'uwan wannan dabara shi ne hatimin lokaci, wanda ake son ya rubuta sa'ar da aka shigar da abu ya kuma tsaya a nan:

=IF(B2<>"",IF(A2="",NOW(),A2),"")

Shi ma da lissafi mai zagaye yake aiki, shi ma ya gaji duk matsalolin saitin. Ka sake jan fomular ƙasa, ko ka goge sunan ka sake rubutawa, tsohon lokacin ya tafi. Alhali Ctrl da alamar waƙafi mai ɗigo (;) suna buga kwanan watan yau a daskare, Ctrl da Shift da wannan alama (;) su buga lokaci, a Excel da Google Sheets duka. TODAY() da NOW() tsirara kuwa kada su kusanci ginshiƙin kwanan wata, domin gobe duk layukan za su ce gobe aka yi cinikin.

Makro, wato ƙaramin shiri da ake rubuta wa Excel ya riƙa aiwatarwa da kansa, ya fi lissafi mai zagaye inganci, wannan gaskiya ne. Da Worksheet_Change a VBA, harshen da ake rubuta makro da shi, ana iya sa Excel ya lura an buga lamba, ya ƙara ta a jimilla sau ɗaya tak, ya rubuta ainihin lamba ba fomula ba. Sai dai dole a adana fayil ɗin a matsayin xlsm, makro ba ya gudana a Excel na waya ko na burauza, kuma tun 2022 Microsoft yana toshe makro a fayilolin da aka sauko da su daga intanet sai an buɗe musu da hannu. Bayan haka, da makro ya canza wani abu a shafi, Ctrl+Z ba ya iya komawa baya. A Google Sheets takwaransa shi ne onEdit na Apps Script, wanda a kwamfutocin Google yake gudana, don haka yana bukatar intanet. In har za ka wahala ka rubuta makro, kada ka ɓata shi a kan tara lamba a akwati guda. Ka sa shi ya kwashi abin da aka buga ya ajiye a sabon layi tare da kwanan wata. Ka samu sauƙin bugawa a wuri guda, ka kuma samu tarihi.

Sauran batun farashi, wanda a zahiri shi ne ya fi kawo mutane neman daskararriyar lamba. An ajiye farashin buhu a akwati guda, a ce J1, kowane layi yana ninka adadin buhu da $J$1. Ranar da kaya suka tashi aka canza J1, sai bashin watanni uku da suka wuce ya kumbura, balas na kowa ya canza. Hanyoyi uku ne a gabanka. Ka buɗe ginshiƙin farashi ka riƙa buga na kowane ciniki da hannu. Ko ka yi shafin Farashi mai kwanan watan da kowane farashi ya fara aiki, a jere daga tsoho zuwa sabo, ka ɗauko da =VLOOKUP(A2,Farashi!A$2:B$200,2,TRUE), wadda za ta nemo farashin da ke aiki a ranar cinikin. Sabon farashi sabon layi ne, ba a goge tsoho. Ko kuma ka bar fomular ta ɗauko farashin yau, in an tashi kasuwa ka kwafi layukan ranar ka manna su a matsayin lamba zalla da Paste Special, Values, ko Ctrl+Shift+V a Google Sheets.

Ta biyu ta fi dacewa da wurin da farashi ɗaya ne ga kowa, kamar kuɗin wata na ƙungiya ko kuɗin makaranta. A shagon da ake ciniki, wannan a rage masa ɗari biyar wancan a bar masa a farashin sari, ta farko ce gaskiya, domin farashin da aka daidaita a kai labari ne na abin da ya faru, ba lissafi ba ne. Ta uku tana aiki, amma ta rataya a kan kada a manta ko da rana guda.

In aka ce in zaɓa wa mai shago ko ma'ajin ƙungiya da layukansa ba za su wuce 'yan dubbai a shekara ba, zan ce kowace ma'amala layinta, kwanan wata da farashi a buga su a daskare, suna a zaɓa daga jeri, balas kuma SUMIFS mai kafe a layin kanu, da mai gadin COUNT a gefe. Idan shafin ya fara nauyi, ba sai an koma sarƙa ba. A rufe shekara ko wata: a fitar da balas na kowane mutum, a manna su lamba zalla a matsayin layukan farko na sabon shafi, tsohon a kulle shi da Protect Sheet a ajiye kwafinsa wani wuri. Wanda ke da layuka dubu hamsin da ba za su rabu ba, kuma duk masu buɗe fayil ɗin suna kan Microsoft 365 ko Google Sheets, SCAN ce tasa. Sarƙa ta rage ga mai tsohon Excel da lissafinsa ke bukatar sakamakon layin sama, shi ma ya ajiye akwati guda da ke kwatanta balas na ƙarshe da SUM na ginshiƙan biyu don ya gane ranar da ta tsinke. Wanda kuma rahoto kawai yake so a ƙarshen wata, PivotTable, wato teburin taƙaita bayanai na Excel, na da Running Total In a ƙarƙashin Show Values As, ba sai ya rubuta fomula ko guda ba.

Masu aiki da Excel na Faransanci, kamar da yawa a Maraɗi da Damagaram, fomulolin nan ba za su shiga yadda na rubuta su ba in aka buga da hannu. IF a can SI ce, SUM kuma SOMME, SUMIFS ita ce SOMME.SI.ENS, sannan alamar waƙafi mai ɗigo (;) ce ke raba sassan fomula a madadin waƙafi. Fayil ɗin da aka riga aka gina kuwa, in an tura shi daga Kano, Excel zai juya sunayen da kansa a lokacin buɗewa.